Gurbin da Na Buɗe wa Shirun Gwaggo

Gwaggo ta haifi 'ya'ya bakwai, amma a bishiyar dangin da muka zana a kwamfuta shida ne suka fito. Wanda ya ɓace ɗin shi ne na farko a haihuwa. Babu mai rai da ya san sunansa sai ita, ita kuma ba ta iya faɗa. Ta tsufa, gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo, kuma na san duk ranar da aka ɗauke ta zuwa makwancinta, da sunan za a tafi. Wannan ne ya hana ni sukuni damina guda cur.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Magama, gab da shingen boda. Aikina buga wa direbobi takardu, da kwafi, da hoton fasfo ga mai gaggawa. In an buɗe boda ba na samun lokacin shan ruwa. In an rufe kuwa, ni da ƙudaje muke gadin shago. A irin wannan zaman kashe wandon ne taubashina ya jawo ni cikin aikin bishiyar dangi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A Riko aka haife ta, aure ya kai ta tsallaken iyaka, wani ƙauye a ƙasar Maraɗi. Ɗanta da muka sani a matsayin babba, Baba ne ya riƙe shi, a gidanmu na Jibiya ya yi boko, yanzu yana aiki a Kaduna. Shi ɗan mace ne, ni 'yar namiji, don haka tun ina da wayo nake ce masa bawana, ko da yake ya ba ni shekaru masu yawa. In ina neman wani abu a wurinsa ne kawai yake zama Yaya.

Bayan rasuwar Baba ya ga tsofaffinmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya samo wata manhaja ta rubuta salsalar dangi, ya sa mini ita a kwamfutar shago. Ya kuma buɗe zauren dangi a waya ya ce kowa ya kawo abin da ya sani. To, nan fa aka yi ta. Wani baffanmu ya ce daga Barno muka zo. Wani ya ce ƙarya ne, kakanmu babban malami ne daga gabas. Wata inna ta rantse jinin sarautar Gobir ne a jikinmu. Kowa ya ƙera wa kansa kakan da ya yi masa daɗi, kuma ba wanda ya yarda kakansa gero kawai ya noma. Da abin ya ishi taubashina sai ya kafa doka, ya ce ba sunan da zai hau bishiya sai da madogara, wato sai an rubuta inda aka samo shi. Ni ce ta farko da ta goya masa baya, kuma har yau ina ganin dokar daidai take.

Matsalar ita ce yadda manhajar ta fahimci madogara. In ka zo kafa hujja sai ta buɗe maka fom, ta ce ka zaɓi iri: littafi ne, jarida ce, takardar haihuwa ce, ko rubutun jikin kabari. Kowane iri da gurabensa, sunan marubuci, da maɗaba'a, da lambar shafi. Waɗanda suka ƙera ta mutanen takarda ne, har kaburburansu magana suke yi. Mu kuwa namu kabarin tudun ƙasa ne da guntun tulu, damina biyu ya baje. Akwai fom ɗin hira, amma shi ma yana neman kwanan wata da inda aka ajiye rikodin muryar. Haka na riƙa cusa tsofaffinmu a gurbin marubuci, ina rubuta "babu" a gurbin maɗaba'a, raina yana sosuwa.

Gwaggo takan tsallako ranar kasuwa, ta ga likitan gwiwa, ta sayi ɗan abin da za ta saya, ta huta a shagona kafin ta koma. Wata rana a farkon damina na ce bari in burge ta. Na juyo mata da fuskar kwamfuta, na nuna mata akwatinta, da layukan da suka sauko daga gare ta, na karanto 'ya'yanta tun daga taubashina har auta. Na gama ina jiran a sa mini albarka.

Ta ce, "Ke ɗiyar ga, kin hwara daga tsakiya."

Na ce, "Tsakiya kuma, Gwaggo? Ga Yaya nan a sama, ai shi ne babba."

"Babba ga waɗanda sunka rayu."

Sai da na saki linzamin kwamfutar. Ta kau da kai wajen titi, inda manyan motoci suka yi layi, ta ba ni labarin a gajarce kamar mai biyan tara. Cikinta na fari a Riko ta haife shi, da ta zo goyon ciki gidan iyaye. Namiji ne. An yanka rago, an raɗa suna. Kafin ta gama wanka ta koma ɗakinta zazzaɓi ya ɗauke shi. Baba a lokacin yaro ne ƙarami. Manya suka ce ta yi haƙuri, ta yi, ba a sake tayar da zancen ba, su kuma manyan duk sun bi shi.

Na ce, "To me sunansa in sa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni in hwaɗi? Ɗan hwari? Ba ki da hankali?"

A nan wani abu ya faɗo mini wanda ya sa na ji kunyar dukan danginmu. Mace irin ta zamanin Gwaggo ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wannan ita ce alkunya. Amma Gwaggo tun muna yara gatsal take kwala wa taubashina kira, sunan yanka, har maƙwabta su ji. Matan gidanmu sukan yi ƙus-ƙus su ce zaman Nijar ne ya cire mata kunya. Daga baya na ji cewa a can ƙauyen mijinta cewa suke yi halin 'yan Najeriya ne. Shekara da shekaru kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, babu wanda ya tsaya ya ce, anya matar nan da ba ta ko cin abinci a gaban suruki za ta yi wannan gangancin? Ashe ita ba ta taɓa karya alkunya ba. Mai alkunyar yana kwance a Riko.

Da yamma na kira Kaduna. Na gaya wa taubashina abin da Gwaggo ta faɗa. Mutum ya haura hamsin yana ɗaukar kansa ɗan fari, a ce masa a waya yana da wa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Madogara fa?"

Na ce, "Uwarka ce madogarar, bawan banza."

Ya ce ya yarda, ba ya musu da Inna. A buɗe akwati a samansa, a gurbin suna a rubuta "ba a sani ba", haka ake yi. Ya faɗa a hankali, kuma na san ba mugunta ba ce, dokarsa yake bi don kada ya yi kuka. Amma ni maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce ba a sani ba kamar yaya? An sani. Mai sanin tana nan da ranta, ɗazu ta sha fura a shagona. In na rubuta ba a sani ba na yi wa yaron ƙarya, na yi wa uwarsa. Ya ce to in kawo sunan da hujjar da za a iya karanta wa dangi, shi ba zai hana ba. Muka rabu a kan haka, kowa da ɗacin ransa.

Na bi Gwaggo ta duk hanyar da na sani. Na ce ta raɗa mini a kunne, ta ce kunne ba mutum ba ne? Na ce ta rubuta da ajami, tunda tana taɓawa, ta ce abin da baki bai hwaɗi ba hannu ba ya hwaɗi. Na ce zan fita in bar mata waya ta faɗa ita kaɗai a ɗaki, ta ce wayar da ke kai magana Kaduna? Ranar da na ɗauko dabarar jero sunayen maza ɗaya bayan ɗaya don in ga inda za ta motsa, ban kai ko'ina ba ta ɗauki sandarta ta fice, ta je ta zauna wurin mai ƙosai har lokacin tafiya. Kasuwa biyu ba ta leƙo ni ba. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, na kuma ji tsoro ƙwarai, don a makon ne aka ce jikinta ya motsa.

Da na rasa yadda zan yi da Gwaggo sai na huce a kan manhajar. Ina ta dube-dube cikinta na tarar ashe fom ɗin madogara ba saukakke ba ne. Ana iya kwafar wanda ke akwai a yi masa gyara, kamar yadda tela ke rage rigar gwanjo. Na kwafi na hira, na sa masa suna "Bakin Mutum". Na goge gurbin rikodi. Na cire wa kwanan wata tilas, na mai da shi wurin da za a iya rubuta "da kaka" ko "bayan Sallar layya", don haka tsofaffinmu suke lissafi. Sannan na ƙara nawa guraben: wa ya faɗa, mene ne shi ga wanda ake magana a kansa, da ido ya gani ko ji ya yi, in ji ya yi daga wa, a ina ya faɗa, a gaban wa. Wannan na ƙarshen na sa masa tilas. A wurinmu maganar da aka yi ba shaida, gobe ana iya cewa ba a yi ba.

Akwai wani layi a ƙasa inda ake tsara yadda guraben za su haɗu su zama jimla a gindin shafi. Kana sa sunan kowane gurbi cikin baka biyu, ka jera su, ka sa 'yan kalmomin haɗi a tsakani. Gwajina na farko abin dariya ya fito, waƙafi a jere kamar kashin awaki, "a gaban" tana tsaye ba kowa a gabanta. Sai da na gane yadda ake kewaye yanki a ce masa ya ɓuya in gurbinsa ba komai. Direba ya zo buga takardar kaya, in buga masa, in koma. Ranar da jimlar ta fito sumul da Hausa, kamar mutum ne ya faɗa, na yi guɗa ni kaɗai a shago har mai shayin gefena ya leƙo.

Na koma na ciro tsofaffinmu daga gurbin marubuci na mai da su inda ya dace da su. Na tura wa taubashina. Ya ce, "Ashe uwargijiyata tana da kai." Ya umarci kowa a zaure ya bi sabon fom. Abin mamaki, gurbin "ya gani ko ya ji" shi kaɗai ya kashe rigimar Barno da Gobir, don da aka tambayi baffa daga wa ya ji, sai ya ce a mota ya ji. Mata kuma, da ba su da takarda ko ɗaya, suka fara turo saƙon murya, wannan ta san wa ya shayar da wa, waccan ta san dalilin da ya sa danginmu na ƙauyen Kusa suka rabu da na Riko. Bishiya ta yi ganye. Amma akwatin da ke saman taubashina yana nan fanko, kuma duk guraben da na ƙera na masu magana ne.

Gwaggo ta warware, ta huce, ta dawo wata ranar kasuwa ana yayyafi. Akwai mai babur ɗin da ke ɗauko ta, ɗan kabu-kabu kamar yadda suke cewa a can, dattijo mai furfura a gemu, mutumin Maraɗi. Shekaru yana kawo ta yana mayarwa, jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, duk sun san su tare. Ya sauke ta ya koma ƙarƙashin rumfa yana kakkaɓe rigarsa. Na ga ya jiƙe, sai na ɗaga murya na kira shi da sunansa, na ce ya shigo daga ciki.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai.

Na ga wannan ya fi a ƙirga. Kullum ina kiran mutumin nan, kullum tana yin haka, ni kuma ina ɗauka gyaran lulluɓi ne. Ranar ce kawai idona ya buɗe. Na tuna ban taɓa jin ta kira shi ba. "Bawan Allah" take cewa, ko ta buga sanda a ƙasa ya juyo. 

Na ce masa, "Baba, yaya aka yi kuka saba da Gwaggo?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya, ran da ta hwara hawa babur ɗina a tasha ta tambayi sunana, na hwaɗa mata. Tun daga ran nan ba ta sake hawan na kowa ba, ko da za ta wuni tana jira. Kuma ba ta taɓa kirana ba. Ni na ɗauka mantuwa ce irin ta tsohi. Ga gyaɗa duk kaka sai ta aiko wa ɗiyana."

Na durƙusa a gaban Gwaggo, na rage murya. Wannan karon ban nemi ta faɗi komai ba. Na ce, "Gwaggo, ina zaton Baba mai babur takwaran wani ne a gidanmu. In kuskure na yi ki ce a'a. A'a dai ba suna ba ce."

Duk wanda ya san Gwaggo ya san a'a ba ta yi mata wuya. Ta ce wa likita a'a, ta ce wa jandarma a'a, ni kuwa ta ce mini ita har na gaji. Na jira. Ruwa yana ɗiga daga kwano. Mai babur ya tsaya da hula a hannu, bai san me ake ciki ba. Ba ta ce ba. Can sai ta miƙo hannu daga cikin mayafi ta ɗan mari kafaɗata, ta ce, "Allah shi shirye ki." Ni kuma hawaye ya riga ya zubo mini.

Bayan sun tafi na buɗe fom ɗina na ƙara gurbi ɗaya, na sa masa suna "abin da alkunya ta hana faɗa, da yadda aka gane". Na rubuta sunan mai babur ɗin a akwatin yaron. Ga abin da ya fito a gindin shafi: "Daga mahaifiyarsa, wadda ta gani da idonta, a Magama, ranar kasuwa cikin damina, a gaban 'yar ƙanenta da mai babur ɗinta. Alkunya ta hana ta faɗin sunan. An nuna mata takwaransa, aka ce ta musa in ba haka ba ne, ba ta musa ba."

Na tura Kaduna. Shiru. Na ga alamar ya karanta, amma ko uffan. Na shirya masa baƙaƙen maganganu iri-iri na ajiye, in ya ce shiru ba hujja ba ne in zazzage masa su. Ban samu damar amfani da ko ɗaya ba. Da kaka sai ga shi ya zo da kansa ba sanarwa, ya daidaita zuwansa da ranar kasuwa. Ya gaisa da mai babur hannu biyu, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba, har mutumin ya fara tsarguwa.

Gwaggo tana kan benci. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, babban mutum da shaddarsa, ya buɗe bishiyar a wayarsa. Na leƙa na ga ashe ya riga ya gyara da hannunsa, ya bar sunan a sama, ya rubuta "na biyu" a kan nasa akwatin. Ya ce, "Inna, za a karanta miki." Ya miƙo mini wayar, ya ce shi ba zai iya ba.

Na karanta daga sama. Da sunan farko ya fita bakina ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Na ci gaba, na biyu, na uku, har auta. Bakwai. A waje wata babbar mota tana ƙugi, ana ɗaga mata shinge.

Daga cikin mayafin ta kwala wa taubashina kira, sunan yanka gatsal kamar yadda ta saba, ta ce ya matsa can, ai ya zauna mata a kan yatsan ƙafa. Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya kifa kai a gwiwarta. Ta ɗora hannu a kansa. Ni ta ce wa, "Ke marar kunya."

Na ce, "Na'am, Gwaggo."

Ta ce, "Sake. Daga hwarko."